Man da Ban Zubar Ba

Katafilata ta mutu, kuma ni na kashe ta da hannuna. Na ɗauki motonta har Kwatano aka gyara, na dawo da shi lafiya, kwana uku ya yi yana aiki.

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi cikin natsuwa ba. Kowa a teburin mai shayin unguwar Wambai sai ya ce, Iro, yaya Kwatano? Ka ga teku? Me suke ci? Na gaji da amsa ɗaya-ɗaya. Ga shi nan gaba ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda.

Ba irin babbar katafilar da kuka sani ba ce. Ƙarama ce, mai tafiya a kan sarƙa, da bokiti a gaba. Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙa manyan a wani kamfanin titi a Abuja. Da aiki ya ƙare aka sallame mu, aka yi gwanjon tsofaffin injuna, na zuba duk kuɗin sallamata a kanta. Aka ce na haukace. Amma lokacin gwamnati ta tare a Abuja, ma'aikata sun cika Suleja suna neman ɗakin haya, duk mai fili yana son gini. Ita kuwa tana shiga lungun da babba ba ta shiga. Shekara biyu ita ta ciyar da ni da matata Talatu da 'ya'ya huɗu. Ba ni da wata sana'a bayanta.

Wata Laraba ina share wa wani fili a unguwar Hashimi sai ta fara ja hagu. Na tura sanda gaba, sarƙar dama ta tafi, ta hagu ta tsaya. Ta dinga zagaye wuri ɗaya kamar akuya a turke.

Kowace sarƙa da motonta. Ba moton wuta ba ne, mai ne ke juya shi. Famfo ya turo mai da ƙarfi ta tiyo, moto ya juya, ya ja sarƙa. Na hagu ne ya mutu.

Bulus mai walda, mutumin Kagoro, maƙwabcina, shi ya taya ni cirewa. Muka ɗaga gefen da jak, muka tokare da katako. Na kwance notin giris, giris ya fito, sarƙa ta saki, muka zame ta da sandar ƙarfe. Muka cire faifan nan mai haƙora. Tiyo huɗu ne a bayan moton, biyu manya, biyu ƙanana, na ɗaura wa kowanne tsumma mai launi dabam don kada in rikice. Noti biyu suka ƙi, Bulus ya gasa su da wuta. Da moton ya faɗo, saura kaɗan ya tafi da babban yatsana. Man da ke cikin tanki na juye shi a durom mai tsabta, na rufe, na ajiye a shagon Bulus.

Kanikawan Suleja suka leƙa suka ce ba su taɓa buɗe irinsa ba. Na kai Kaduna aka ce sai Ikko. Lambar da ke jikinsa ta goge, babu abin da za a rubuta a aika wa wani. Sai dai in ɗauke shi da kaina.

Ina da ɗan fili a bayan Hashimi, wanda nake cewa zan gina mana mu bar haya. Na sayar.

Talatu ta ce, "Malam, har da filin?"

Na ce, "In ta tashi za ta sayo mana biyu."

"In ba ta tashi ba fa?"

Ta ƙulla mini gari da ƙuli-ƙuli.

Na toshe ramukan moton da tsumma, na naɗe shi a buhu biyu. Nauyinsa ya kai buhun masara. Direbobin bas suka ƙi shi, sai na hau bayan wata tirela mai albasa, mu wajen goma a kan kaya. Shekarar wahalar mai ce. A Lokoja muka yi kwana biyu a layin gidan mai, mota ba ta matsa ko taku goma ba sai rana ta biyu.

A nan na gamu da bala'in farko. Sauran man da ke cikin moton ya tsiyayo ta tsumma, ya jiƙe buhun garin doyar wata Bayarabiya da ke kusa da ni, Mama Risi. Ta ɗaga buhun ta ga baƙi, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Aboki, ka kashe ni! Wane irin mutum ne ke tafiya da ƙarfe mai fitsari?"

Na ce ta yi haƙuri.

"Haƙuri zan sayar a Ikko? Mudu nawa ne haƙuri?"

Mutane suka yi dariya. Na kwashe wanda ya ɓaci, na biya ta. Ta ci gaba da zagina da Yarabanci har Okene. A Okene ta sayo tuwon doya, ta ga ina jiƙa gari, ta turo mini rabi ba tare da ta dube ni ba.

"Ci. Kada ka mutu a kan kayana kuma."

Shingayen hanya ban ƙirga ba. A kowanne sai an ce a buɗe buhu. Wani mai kaki ya zare tsumma ya cusa kara a ramin yana juyawa. Na ce, "Ranka ya daɗe, kada ƙasa ta shiga." Ya ce, "Ƙasar ubanka ce?" Kwana huɗu muka yi kafin Ikko.

Ikko ba ni da abin faɗi a kanta sai hayaniya. Mama Risi ce ta sa ni a motar kasuwar kayan gyara, ta ce wa kwandasta ya sauke ni daidai, in ba haka ba zai gamu da ita. Kwana biyu ina jan buhu daga shago zuwa shago. Aka kawo mini moto uku, kowanne mai shi na rantsuwa shi ne, babu wanda ramukan notinsa suka dace. A ƙarshe wani ɗan Ibo mai furfura ya tsuguna ya juya shi, ya tashi yana goge hannu.

"Malam, kada ka ɓata kuɗinka a nan. Babu shi. Ka tafi Kwatano, bayan tashar jiragen ruwa akwai wani tsoho, Baba Kojo. In bai gyara ba, ka sayar wa masu sayen ƙarfe a kilo."

Ba ni da fasfo, ban taɓa fita ƙasa ba. A iyaka na tarar guragu ne ke ƙetarar da kaya a kan kekensu na hannu, ba a cika tsayar da su ba. Wani daga cikinsu, Bahaushe, ya ce in ɗora, in biyo shi daga nesa kamar ban san shi ba. Na ɗora. Yana wuce shinge ya murza keken nan ya ɓace cikin mutane. Na ce shi ke nan, an yi da ni. Na bi da gudu, takalmina ɗaya ya tsinke, na ci gaba da ɗaya. Na same shi a gindin wata bishiya yana cin gyaɗa.

Ya dube ni ina haki ya ce, "Gudu ka yi? Haba malam. Wa zai saci wannan masifar? Hannuna har yanzu rawa yake."

Yanzu ga abin da kuke ta tambaya.

Na ga teku. Ruwa ne, ba ya ƙarewa, ba a sha.

'Yan acabarsu duk riga ruwan ɗorawa suke sawa, sun fi motoci yawa. Fetur kuwa ga shi a bakin kowane titi cikin manyan kwalabe, mata ke sayarwa, babu layi. Na tambaya daga ina yake, aka ce daga ƙasarku. Na tuna kwana biyun Lokoja.

Burodinsu dogo ne kamar sanda, da ɓawo mai yanka dasashi. Suna da wani abu kamar kafa, mai tsami, da miyar tumatir da kifi. Ba ya riƙe ciki. Da rana tsaka kowa ya rufe shago ya tafi barci har wajen ƙarfe uku, ko da kana tsaye da kuɗi a hannu. A Suleja mai shago ko sallah zai yi sai ya bar wani a bakin ƙofa. Kuma ba su da hayaniya. Mota ta goge mota, direbobi suka fito suka tsaya suna magana a hankali, har na matsa in ga ko 'yan'uwa ne.

Na sauka a Zango, gidan Alhaji Mamman, mutumin Nijar da ya shekara talatin a can yana saukar baƙi. Ɗaki ɗaya mu shida, da sauro mai yawa. Bai tambaye ni daga wane gida nake ba. Ya dubi buhun ya ce, "Masu zuwa nan atamfa suke saye su tafi da ita. Kai ka zo da naka kayan." Shi ya raka ni wurin Baba Kojo, shi ya yi mana tafinta, don tsohon ba ya jin Hausa.

Wurin tsohon ya fi duk abin da na gani ba ni mamaki. Ni na saba da garejinmu: a shimfiɗa kwali a ƙasa, a zuba fetur a kwano, a buɗe inji iska na kaɗawa. Shi ɗaki ne rufe, da siminti a share, da tebur an lulluɓe shi da farin ƙyalle. A bakin ƙofa ya nuna ƙafata.

Alhaji ya ce, "Wai ka cire takalmi, ka wanke hannu."

Na ce, "Masallaci ne?"

Alhaji ya faɗa masa. Tsohon bai yi dariya ba.

Da ya ga tsumman da na cusa a ramuka, ya zaro ɗaya da yatsa biyu kamar mushen ɓera, ya yi magana mai tsawo.

"Me ya ce, Alhaji?"

"Ya ce sannu da hanya."

"Alhaji."

"To, ya ce wanda ya yi wannan bai kamata a ba shi ko keke ba."

Ya wanke bayan moton sau biyu kafin ya taɓa noti. Ya buɗe, ya jera kayan ciki a kan farin ƙyallen. Fistan tara ne a ciki, kowanne da ɗan takalmin tagulla a ƙafarsa. Uku takalman sun cinye saura ɓawo. Farantin da suke gogawa duk ya yi zane.

Ya ɗaga mai lafiya ɗaya da wanda ya cinye ɗaya, ya sa mini a gaban ido.

Alhaji ya ce, "Yana tambaya, tagullar da ta bar jikin wannan, ina ta tafi?"

Na ce ban sani ba.

Tsohon ya ɗigo man da ya rage a cikin moton a kan farar takarda, ya ja ni ƙofa, ya ɗaga ta a rana. Sai ga ta tana ƙyalli kamar an barbaɗa garin zinariya.

"Ya ce tana cikin injinka. Tana tanki, tana tiyo, tana ko'ina mai ya bi. Ya ce zai gyara wannan ya koma sabo. Amma in ka koma, ka zubar da tsohon mai duka. Ka wanke tanki. Ka cire kowane tiyo ka wanke, musamman manyan biyu, don man da ke bi ta cikinsu ba ya ratsa filta. Ka sa sabuwar filta, ka zuba sabon mai. In ka bar ko ɗaya, kada ka dawo masa."

Na ce na ji. Tsohon ya sa aka maimaita mini. Na ce na ji. Ya ninke takardar ya sa mini a aljihu da kansa.

Kwana takwas ya yi. Ina zuwa in zauna a bakin ƙofa in kalle shi yana goga farantin a kan gilashi da hannu, a hankali, awa da awa. Ya samo fistan daga wani mataccen moto a tashar jirgi. Ranar ƙarshe ya ɗaura shi a wani tebur mai famfo, ya kunna. Ya juya gaba, ya juya baya, babu ƙara. Ya cika shi da mai, ya toshe ramukan da jajayen murafen roba. Rabon da in ji daɗi irin na ranar tun haihuwar ɗana na fari. Na sayi filta a wurinsa. Na saya wa Talatu turmi ɗaya na atamfa da abin da ya saura.

Dawowa ba labari. Duk shingen da aka ce in buɗe, na kwanta a kan buhun na ce sai dai a dake ni. Sau ɗaya aka dake ni. Murafen ba su motsa ba.

Na iso Suleja hadari ya fara haɗuwa. Bulus ya rungume ni, ya rungume moton. Na tarar mai filin da nake sharewa a Hashimi ya gaji da jira, ya ce in ban zo ranar Litinin ba zai kira wasu da diga da shebur. Na fita neman sabon mai. A Suleja babu. A Abuja na samu wurin mutum ɗaya, kuɗin da ya faɗa ko rabinsa ba ni da shi. Wani ya ce in jira mako biyu ko uku, kaya na hanya.

Na dawo na zauna a shagon Bulus ina kallon durom ɗin nan.

Ogan da ya koya mini aiki yana da magana: mai ba ya mutuwa, datti ne ke shiga, a tace. Haka na ga ana yi tun ina yaron mota. Ban taɓa ganin wanda ya zubar da durom guda na mai a ƙasa ba. Ko baƙin man inji ma tarawa ake a shafa wa katako.

Bulus ya ce, "Maigida, ba ka ce tsohon ya ce a zubar ba?"

"Ya ce."

"To?"

"Shi a can yake. Bai san yadda muke ba."

"Injin ma bai san yadda muke ba."

Na ce, "Kai walda ka iya. Kawo mini maganaɗisun tsohuwar lasifikar nan."

Ya kawo, yana girgiza kai. Na tace man da kallabin Talatu sau uku. Na ɗaure maganaɗisu da igiya na ja shi a ciki. Karo na farko ya fito da baƙin gari kamar gashi. Karo na uku ya fito fes. Na nuna wa Bulus. Ya ce, "Tagulla tana kama maganaɗisu ne?" Na san ba ta kamawa. Na ce masa ya riƙe mazurari.

Takardar tana aljihuna. Da na ɗiga ɗigo ɗaya na ɗaga a rana, da na gani. Ban ɗiga ba, don na san abin da zan gani.

Tanki na wanke. Filta na sa. Manyan tiyo biyu sun bi ta ƙarƙashin kujera, cire su aikin yini guda ne, ga kananzir ɗin wankewa ya yi wuya. Na hura su da famfon taya a inda suke, ban cire ba.

Muka ɗaura moto, muka mayar da faifai da sarƙa, na buga giris har ta miƙe. Na tayar. Na tura sanda. Ta tafi sak, ba hagu ba dama. Mutanen unguwa suka yi ihu. Talatu ta fito da sabuwar atamfarta ko ɗinki ba a yi ba, ta yafa a kafaɗa.

Litinin ta yi aiki. Talata ta yi aiki. Na fara cewa a raina tsohon tsoro ne ya yi masa yawa. Laraba da hantsi na ji wani siririn kuka daga hagu. Na sauka na taɓa moton, ya ƙona ni. Da na kashe a nan, wataƙila da na tsira da wani abu. Saura kwana ɗaya in gama filin. Na hau na ci gaba.

Kafin azahar hagu ta tsaya. Ina ƙoƙarin juyo da ita sai dama ma ta tsaya. Inji na ruri, babu abin da ke motsi. Na kwance tiyo ɗaya na tara hannu. Man ya zubo yana ƙyalli. Wannan karon ba sai an ɗaga a rana ba.

Moto biyu da famfo, duk sun tafi. Bakaniken da ya zo daga Kaduna ya leƙa ya ce ko sabuwa zan saya ta fi sauƙi.

Bulus bai ce ya faɗa mini ba. Ya nemo tirakta aka ja ta zuwa bayan shagonsa. Talatu ta wanke kallabin sau da yawa, man bai fita ba. Da haya ta ƙare na kai Talatu gidansu a ƙauye da yaran, na ce kafin in samu abin yi. An yi damina biyu ke nan.

Wasu sun ce hannu aka sa mini. Wasu sun ce tsohon Kwatano ne ya cuce ni. Kada wanda ya ƙara faɗin haka a gabana. Aikinsa mai kyau ne. Ya faɗa mini sau biyu, na ce na ji.

Katafilar tana bayan shagon Bulus, awaki na kwana a bokitinta. Masu kilo sun zo sau uku, ban sayar ba, ban kuma san me nake jira ba. Ni ina Zuma, bakin titi, cikin masu lodin yashi. Tifa ta tsaya mu shida mu cika ta da shebur, abin da a da nake yi da bokiti bakwai. A nan nake kwana, a nan za a same ni.